Harshen Kaka Ya Riga Ta Mutuwa

Ranar da Kaka ta rasu, mutumin da ya fi kowa kuka shi ne wanda ta fi kowa zagi.

Maƙwabcinmu ne na gabas, wanda darni ɗaya ya raba gidansa da namu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sun gaisa an rabu lafiya ba. In ya ce mata ina kwana, sai ta ce shi ya hana ta barci da tarinsa. Amma ranar nan, ana zaune a zaure bayan an dawo daga kai ta, masu ta'aziyya suna ajiye hatsi da wake da goro, sai ga shi da ƙullin gishiri a tsumma. Ya ajiye a gaban Baba, ya buɗe baki zai yi gaisuwa, magana ta ƙi fita. Ya durƙusa ya fashe da kukan da ya sa awakinmu suka daina cin dusa. Liman kansa sai da ya tsaya da addu'a, hannu a sama, yana jira.

A cikin gida mata suka rabu a kan gishirin. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce habaici ne, ko a makoki mutumin nan bai bar faɗa ba. Wata tsohuwa da ta zo daga Dungas a kan kabu-kabu ta ce wataƙila al'adar garinsu ce. Aka gaya mata ai a nan aka yanke cibiyarsa. Mama ta ɗauki ƙullin ta kai ɗaki.

Ni kuwa ina bakin murhu ina jin yabon da ake yi, na rasa wa aka binne. Wannan ta ce marigayiya mai haƙuri ce. Waccan ta ce ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Kakata fa, wadda in ta kira sunan yaro daga tsakar gida, yaran Magarya ma sai sun waiwaya. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ni jikarta ce, kuma jika yana da izinin faɗin gaskiya a kan kaka, ko ta mutu. A ɗakinta na tashi, tana kira na Ƙawa, ina kiran ta Tsohuwar Rigima. In na bar ta a hannun masu yabo, kafin a yi girbin bana za su mai da ita wata salihar baiwar Allah da ba wanda zai tuna.

Abu biyu duk yaron unguwarmu ya san ta da su. Na farko, sansana hannu. Yaro ya shigo gidanmu ko ya gitta ta ƙofa, sai ta ce, "Kawo hannu." Ta kama na dama, ta kai hanci, ta lumshe ido kamar mai sayen turare. Tana cewa hannun da ya ci tuwo, ko da sabulu aka wanke shi, daddawa ba ta barin gindin farce. Mu mun ɗauka ɓarayi take nema, don sau da yawa ta kama ni da warin ƙuliƙuli. Ba ta taɓa tambayar yaro ko ya ci abinci ba. Na taɓa yi a gabanta, na tambayi wata yarinya da aka aiko, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi. Bayan ta fita Kaka ta ja min kunne har na ji ya ƙara tsawo. Ta ce wane ɗan mutunci ne zai ce bai ci ba a gidan mutane, uwar wa nake so ya tona wa asiri?

Na biyu, harshenta. Kaka ta sanar wa duniya cewa harshenta ya mutu tun wani zazzaɓi da ta yi kafin a haife ni, ba ta jin gishiri ko kaɗan. Saboda haka duk miyar da aka yi a gidanmu sai an nemo mai ɗanɗano. Mu 'yan gida ba mu cancanta ba, wai harshenmu ya saba da ƙarya. Daga waje take zaɓa, kuma sai bayan ta sansana hannu. Ta ce miya ba a ɗanɗana ta tsirara, sai da tuwo. Yaro ya yi loma ɗaya ya ce gishiri ya ji, ta ce yaushe ya zama gwani, ya ci gaba. Ba a yanke hukunci sai an ga gindin kwano. Da damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma hatsin gona bai nuna ba, harshen nan yakan ƙara mutuwa. Wata rana masu ɗanɗano sukan yi yawan da ni, mai gida, nake komawa ga ƙanzo. Na sha gaya mata ta je likita a duba mata harshen nan, don yana neman kashe ni.

Cikin masu ɗanɗano ba wanda ya kai autan Maƙwabci aiki. Yaro ne ɗan firit, bai isa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, idanu kamar na ɗan maraƙi. Uwarsu ta rasu, yayarsu ce ke girki in akwai abin girkawa. Gonarsu jigawa ce, ta gaji. Uban kuwa in ka gan shi ranar Juma'a da rigarsa guda mai guga, ka ce rumbu goma gare shi. A kan yaron nan aka yi babban faɗan.

Wani yammaci Maƙwabci ya leƙo ta kan darni ya ga Auta da kwano. Ya zagayo ya shigo har tsakar gida, sallamar ma a tsaye ya yi ta. Ya ce shi bai haifi mai cin gidan mutane ba, gidansa ba a kwana da yunwa, Iya ta fita harkar 'ya'yansa. Kaka tana kan tabarma tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Wa ya ba ɗanka abinci?" ta ce. "Aiki na sa shi. Ni tsohuwa harshena ya mutu, kai kuma ka zo ka hana yaro taimakon tsohuwa. Haka uwarka ta rene ka? Na san ta fa, tare muka yi tallar fura."

Ya ce wane irin aiki ne ake yi da kwano cike. Ta ce in ya fi yaron iyawa ya zauna ya ɗanɗana da kansa. Ya tsaya yana huci, ya dubi yaron, ya dubi kwanon, ya juya. A bakin ƙofa ya ce daga yau ba shi ba ita. Ta ce Allah Ya sa ya cika alkawari. Kashegari Auta ya dawo bakin aikinsa, kuma ban taɓa jin an sake hana shi ba. Zagin safe ta kan darni ne kawai ya ƙaru.

To, ga yadda gwamnati ta shigo cikin maganar. Lakwal ɗin garinmu tana da kantin, wato ana dafa wa 'yan makaranta shinkafa da wake da rana. Amma da an shiga bakans, babban hutu, sai a kife tukwane, kuma daidai lokacin ne yunwa take shigowa. Bana direktan lakwal ya sanar cewa ana tunanin ci gaba da ciyar da yara a cikin hutu, kuma za a aiko daga Magarya a ji ra'ayin jama'a kafin a tsara doka. Tambayoyin biyu ne. A dafa a lakwal, ko a raba hatsi a kai gida? Sannan a ba kowane yaro, ko kuwa sai wanda iyayensa suka zo suka ce suna da bukata, tun da abincin ba zai yi yawa ba?

Matan unguwa suka zaɓi Kaka ta yi magana a madadinsu, don ita ce ba ta jin nauyin kowa. Ta karɓa. Ta sa na wanke mata zanenta baƙi na fita. Sai zazzaɓi ya kwantar da ita, na gaske wannan karon, ana saura 'yan kwanaki. Wata la'asar ina ba ta kunu ta ture ludayin, ta ce Ƙawa, kunun nan ba tsami. Ban kawo komai a raina ba. Kafin magariba ta cika.

Ba a share makoki ba Baba da Gwaggo suka fara jan ta, kowa ta gefensa. Baba ya rantse ta gaya masa hatsi za a kai gida, don da damina yara suna gona, wa zai ajiye hauya ya taho lakwal da tsakar rana. Gwaggo ta rantse ta gaya mata a dafa a lakwal, don hatsin da ya shiga gida ya zama na baƙi da na manya, yaro sai suɗi. Suka juyo kaina, tun da ni ce ke kwana da ita. Abin da ya rikita ni, duka biyun na ji da kunnena. Ta faɗa wa Baba nasa da safe, ta faɗa wa Gwaggo nata da yamma, da murya ɗaya, da rantsuwa ɗaya. Da na tambaye ta wanne za ta faɗa a taro, cewa ta yi in bar ta da maganar manya, in je in koyi sa gishiri. Na gaya musu haka. Baba ya ce ba ni da amfani. Gwaggo ta ce a wannan kam ta yarda da shi.

Ranar sadakar bakwai da safe, kafin a fara rabon gumba, mu jikoki muka yi wasanmu. A garinmu in kaka ta rasu da tsufanta, jikoki ne ke sa kayanta su kwaikwaye ta, a yi dariya a rage baƙin ciki. Ni aka ɗaura wa baƙin zanen da na wanke mata. Na shafa toka a gira, na ɗauki sandarta, na ranƙwafa, na shiga cikin mata ina masifa. Na ce wa ya ce ni mai haƙuri ce, ya fito mu gani. Tsohuwar Dungas ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa kawo hannu. Na gaya wa Gwaggo hannunta warin gulma yake yi. Na gaya wa matar Liman nata warin naman da aka ɓoye wa almajirai ne. Gida ya kaure.

Sai na hango Auta a jikin darni, inda ya saba tsayawa kafin a kira shi. Na ja sanda na je, na ce da muryar Kaka, "Kawo hannu." Ya miƙo nan take, ko murmushi bai yi ba. Na kai hanci ina shirin abin da zan faɗa a yi dariya.

Ba warin komai. Ƙasa kawai, da ɗan zufa. Na juya hannun na sansana gindin farce kamar yadda take yi. Babu. Mata suna jiran maganata, ni kuma na manta ni wa ce, Kaka ko jikarta. Da muryata ta kaina na ji na ce, ka ci abinci kuwa? Ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi, ya zare hannunsa ya fita. Na tsaya da sanda da toka a gira. Kunnena na dama ya ɗau zafi, ba wanda ya taɓa shi.

An yi taron a gindin itacen bedi na lakwal, maza a kan bencin 'yan makaranta gwiwoyinsu na taɓa haɓa, mata a tabarmi, mu 'yan koleji a tsaye a baya tare da yara. Wadda aka aiko wata madam ce mai sanyin murya, Hausarta irin tamu. Ta yi wa garin ta'aziyya, don an gaya mata wadda za ta yi magana ta rasu. Sai Baba ya miƙe ya ce marigayiya ta bar wasiyya: hatsi a gida. Gwaggo ta ce daga kan tabarma, ba tare da ta miƙe ba, ita ma uwarta ce, kuma wasiyyar ba haka take ba. Aka yi ta yi. Rabin gari ya bi Kakar safe, rabi ya bi Kakar yamma. Wani ya kawo maganar takin zamani, wani ya tambayi ko da man gyaɗa za a dafa. Maigari ya yi gyangyaɗi ya farka ya ce ya goyi bayan duka.

Sai aka zo tambaya ta biyu. Madam ta bayyana cewa abincin ba zai ishi kowa ba, shi ya sa ake tunanin uba ko uwa su zo da kansu su faɗi bukatarsu. Maƙwabci ne ya miƙe, da rigarsa ta Juma'a ko da yake ba Juma'a ba ce. Ya ce wannan doka ta yi daidai. Ya ce a garin nan, Alhamdu lillahi, ba gidan da ake kwana da yunwa, amma in akwai mai bukata ya fito ya faɗa. Maza suka gyaɗa kai, har waɗanda na san matansu ganyen tafasa suke dafawa ba hatsi. Madam ta dubi yaran da ke tsaye ta tambaye su a hankali ko akwai wanda bai karya ba yau. Suka amsa baki ɗaya kamar karatun aji, sun ƙoshi. Auta yana cikinsu, muryarsa ta fi ta kowa fita. Madam ta ajiye alƙalaminta. Ta ce ita ma da tana kamarsu abin da za ta faɗa ke nan, amma doka tana son a san wa za a ba, ita kuma ba ta san wata hanya ba.

Ban yi niyyar magana ba. Yarinya kamata ba ta magana a taron da ubanta yake. Bakina ne ya riga ni.

"A ce ɗanɗanon gishiri ne."

Wuri ya fashe da dariya. Sun ɗauka wasan jika ne bai ƙare ba. Baba ya harare ni hararar da ta isa ta dafa wake. Amma madam ta ce in matso in yi bayani, kuma nan na kwaɓa. Na fara da harshe, na koma hannu, na shiga daddawa, na ji kaina ina ba matar gwamnati labarin ƙanzo. Daga ƙarshe dai na ce ni ban san ko gida ko lakwal ba, Kaka ma ina jin ba ta sani ba. Abin da na sani, ba ta taɓa tambayar kowa ba, kuma ba ta taɓa ba kowa sadaka ba. Aiki take kiran yaro. In za a yi, a kira yara duka, da waɗanda ba su shiga lakwal ba, a ce shara ce ko ban ruwan itatuwa ko tilawar karatu, a sa tukunya a gefe. In abincin kaɗan ne a rage ludayi, kada a sa uban kowa ya miƙe tsaye.

Ina rufe baki na gane wanda na nufa, kuma kowa ya gane. Maƙwabci bai zauna ba tun ɗazu. Ya dube ni tsawon lokacin da ya isa a yi alwala.

"Yarinyar nan ba ta da kunya," ya ce. "Kakarta sak." Ya gyara wuyan rigarsa. "Ni dai na faɗa, ba mai yunwa a garin nan. Amma in aiki ne, a kira su duka. Ban taɓa hana yaro taimakon mutane ba."

Ya zauna. Madam ta ce za ta kai maganar kamar yadda ta ji ta, ko da yake ba ta san yadda za ta faɗe ta da Faransanci ba, kuma ba ita ke yanke hukunci ba. Har yau da nake rubutun nan ba mu ji abin da aka tsayar ba. Baba yana cewa nasa ne zai ci, Gwaggo tana cewa nata. Ni kuma an hana ni zuwa taro har sai na yi jikoki.

A gida na tare Mama a madafa na tambaye ta gishirin nan na mene ne. Ta ce ashe ban taɓa lura ba, mu da muke miya kullum, yaushe rabon da a aike ni sayen gishiri? Tun makon da aka yi faɗan nan, duk ranar kasuwa sai ta tsinci ƙulli a rataye a darni ta gefenmu. Ba wanda ya taɓa cewa ya ajiye, Kaka ba ta taɓa cewa ta gani ba. Takan kwance ta zuba a ƙwarya, sannan ta je jikin darnin ta zage shi a kan tarinsa.

Na ce to harshen fa, ya mutu ko bai mutu ba? Mama ta ce ita suruka ce, ba ta leƙa bakin uwar miji. Baba ya ce ya mutu mana, shi ya kai ta likita da kansa. Gwaggo ta ce Iya da za ta gaya miki rijiyar da aka ɗebo ruwan miya? Ni kuma ina tuna kunun da ta ce ba tsami, sai kaina ya ƙara kullewa. Matar da ta yi shekaru tana ƙarya ɗaya, ko kuwa matar da ta samu ciwo ta mai da shi kwano? Na kwana a ɗaki ɗaya da ita tun ina rarrafe, ban sani ba.

Ran nan Mama ta tafi gona ta bar min girki. Na yi tuwo, na kaɗa kuka, na kwance ƙullin Maƙwabci. Hannuna ya zarce. Da na taɓa a harshe sai da idona ya kawo ruwa, miyar nan ko raƙumi ya lasa sai ya nemi rijiya. Na tsaya ina tunanin inda zan gudu kafin Baba ya dawo, sai na ga inuwa a jikin darni.

Ban sa zanen ba, ban ɗauki sanda ba, ban tambaye shi komai ba. Na ce Auta, zo ka taimake ni, tun da Kaka ta rasu harshena ya rikice. Ya shigo ya zauna a wurinsa. Ya yi loma, fuskarsa ta tattare kamar busasshiyar kuɓewa. Ya haɗiye, ya sha ruwa, ya ci gaba. Na ce masa in ya yi yawa ya faɗa, ba sai ya wahala ba. Bai kula ni ba sai da ya ga gindin kwano, ya suɗe, hawaye na bin kumatunsa.

"Ban gane ba tukuna, Yaya," ya ce. "Ƙaro in ji."

A bayan darni wani ya yi tari, irin wanda ke hana tsofaffi barci. Na buɗe baki in yi masa abin da aka saba, na tuna sa'an ubana ne, na rufe. Na ɗauki mara na yanko wani tuwon.

Allah Ya jiƙan Tsohuwar Rigima, Ya yafe mata zagin safe da rantsuwa biyu a kan magana ɗaya. In harshenta ya mutu da gaske, Allah Ya mayar mata da shi a Aljanna. In kuma bai mutu ba, Shi Ya san dalili.